Filin Tambayi Bakanike: Ƙarar da mota take yi in an taka birki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda ruwa ya sauka saƙonnin da suke shigo mana da yawansu maganar birki ce, wannan yace ƙara, wancan yace gurnani, wata tace kamar ana wasa wuƙa a dutse, shi yasa na bar wa birki filin gaba ɗaya a wannan makon. Amma dan Allah ina da roƙo, in zaku rubuto kar ku tsaya a "motata tana ƙara" kawai, ku gaya min yaushe take yi, da safe ne kaɗai ko duk yini, ƙafa tana kan birki ko an ɗaga, a guje ko a hankali, gaba ko ribas. Ni bana ganin motar, lokacin da ƙarar take zuwa shine idona.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Salam Malam, motata Corolla ce ƙirar 2006, yau sati uku kenan tana wata siririyar ƙara ƙiiii daga tayar gaba ta ɓangaren direba. Da farko sai na taka birki take yi, yanzu kuma ko ina tafiya a hankali cikin layinmu ina jinta, in na danna birkin da ɗan ƙarfi ma wani lokacin sai tayi shiru. Na nuna wa wani yaro a gareji yace wani ɗan ƙarfe ne yake taɓa diski, wai zai lanƙwasa shi ko ya karye shi ƙarar ta mutu, maigida yace in tambaya tukuna.

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka wa maigida da alheri da yace ki dakata, kar ki yarda kowa ya taɓa ƙarfen nan. Yaron bai yi ƙarya ba, ɗan ƙarfe ne yake taɓa diski, amma ba kuskure bane, kamfani ne ya saka shi da gangan a jikin fad ɗin birki. Sabon fad naman jikinsa yana kai milimita 10 zuwa 12, kullum kina taka birki yana cinyewa kaɗan-kaɗan, in ya rage kamar milimita 2 ko 3 sai wannan ɗan harshen ƙarfen ya fara gogar diski yana kuka don ki ji ki kawo mota. Aikinsa kenan a duniya. Wanda ya karye shi kamar wanda ya yanka zakara ne don kar ya ji cara, gari dai sai ya waye, fad ɗin zai ci gaba da ƙarewa, bambancin kawai yanzu babu mai gaya miki.

Wannan abin yana ci min rai sosai domin na sha karɓar motoci in cire taya in tarar an murɗe harshen da filaya, mai motar kuma ya biya kuɗi ya tafi yana murna an gyara masa.

Abin da za ki yi, ki kai motar a ɗaga ta a jek a cire tayar a gabanki. Wasu za su ce a leƙa da fitilar waya ta ramin rim ya isa, toh ana ganin fad ɗin waje ta nan, amma kowace taya fad biyu gareta, na waje da na ciki, kuma sau da yawa na cikin ne yake riga ƙarewa, shine kuma ba'a gani sai an cire taya. In an fito dasu ki ɗora su a tafin hannu ki gwada kaurinsu da idonki. In sun ci daidai da juna, shikenan tsufa ne, a canza. In kuma ɗaya ya kusa ƙarewa ɗayan yana nan da namansa, ko kika ga ya ci a karkace kamar bakin gatari, akwai wata matsalar a ƙasa. Kalifa, wato ƙarfen nan da yake rungume da diski yana matse fad, tana zamiya ne akan fin guda biyu, kowanne da 'yar robar da take rufe shi, in robar ta yage ƙurar hunturu ta shiga ruwan damina ya biyo baya sai fin ɗin ya ƙage, kalifar ta daina komawa, fad ɗaya yayi ta cin wuya shi kaɗai. A zaro fin ɗin a wanke a shafa masa giris ɗin birki, ba giris ɗin boris ba, domin shi wancan yana kumbura roba. In ba'a yi haka ba sabon fad ɗin ma wata kaɗan zai yi.

Kuma a canza na tayoyin gaban duka biyu lokaci ɗaya ko da ɗaya ce take kuka, in ba haka ba motar zata riƙa fizga gefe in kin taka birki. Ki duba man birki ma, za ki ga ya ɗan sauka a cikin robarsa, ba lallai yoyo bane, fad in ya cinye fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da mai yake turowa ya danna fad, yana ƙara fitowa mai ya bi shi, in an sa sabon fad zai dawo sama da kansa.

Tambaya daga wani direban haya mai bin Katsina zuwa Kano: Oga, Golf 3 ce nake haya da ita, kwana biyu tana ƙiii na share, yanzu ta koma gurrr kamar ana jan kwano a siminti duk sanda na taka birki, har a ƙafata ina ji, kuma rim ɗin gaba yayi wata ƙura mai ƙyalli. Ko zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata in na haɗa kuɗi?

Ɗan uwa, a'a. Na san yanayin da ake ciki, na san mota in ta kwana a faka gida ma ya kwana babu, amma wannan ba ƙarar lallaɓawa bace. Naman fad ɗinka ya ƙare ƙarƙaf, bayan fad ɗin wanda ƙarfe ne zalla shi yake cin diski yanzu, ƙurar nan mai ƙyalli da kake gani garin diskinka ne yake zuba.

Bari in baka labarin abin da na gani da idona. Shekarun baya wata Sharon ta shigo garejin da nake aiki da yamma lis, 'yan kai amarya ne cike da ita, mata da yara har da kwalla da tabarmi a but, direban yace dan Allah a ɗan duba masa birki yana nutsewa. Muka sauke mutane suka zauna a inuwa, na cire tayar gaba, wallahi fuskar diskin nan tayi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, fad ɗin ciki babu komai a jikinsa sai ƙarfe da ya koma shuɗi don zafi, fistin ya fito har ya wuce inda ya kamata ya tsaya man birki yana tsatsafowa ta gefensa yana bin taya. Da ya ƙara taka birki mai ƙarfi sau uku ko huɗu a hanya, fistin ɗin zai iya fita gaba ɗaya, mai ya zube, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Na juya na kalli yaran nan suna wasa da ƙasa a gindin bishiya, hannuna sai da ya yi rawa. Direban yace shima ƙarshen wata yake jira.

Ko ta lissafin kuɗi ma ka duba, fad shine mafi araha a duk kayan birki, kowace tafiya ka ƙara yanzu diski kake ci, daga diski sai kalifa. Ka ajiye motar yau. In an cire taya a auna diskin, a jikin yawancin diski akwai rubutu MIN TH da lamba a gabansa, shine mafi ƙarancin kaurin da aka yarda yayi aiki dashi. In zanen bai yi zurfi ba kuma akwai sauran kauri, masu inji za su iya aske fuskarsa ta dawo sumul, in zai sauka ƙasa da wannan lambar toh canji ne kawai, siririn diski baya jure zafi kuma yana iya tsagewa. In ɗan Beljiyam zaka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka tafi da bakanikenka da abin awo, kar ka saya da ido, ka bi bakin diskin da farce, in kaji wani tudu ya tashi a gefe sosai ka san an riga an cinye shi tun a can.

Sai dai in faɗa wa sauran masu karatu, akwai wata ƙara mai kama da wannan wadda bata kai ta kawo ba. Bayan diski akwai wani siririn faranti da yake kare shi daga datti, in ka bi hanyar burji ko inda ake aikin titi ɗan tsakuwa yakan faɗa tsakaninsu ya maƙale, sai kaji ƙara mai tayar da hankali farat ɗaya. Yadda zaka gane, ita wannan tana yi ko ka taka birki ko baka taka ba, kuma babu ƙiii da ta riga ta zuwa. Wani lokacin ribas kaɗan yana fitar da dutsen.

Tambaya daga wani magidanci a Bauchi: Malam, tunda damina ta kama duk safiya in na fito da mota birkin farko da na biyu sai in ji shaa-shaa kamar ana goga sanfefa, kafin in kai bakin titi ta daina.

Yallaɓai kwantar da hankalinka, tsatsa ce. Diski ƙarfe ne tsirara babu fenti a fuskarsa, raɓa ko ruwan dare ɗaya ya ishe shi yayi ja, haka in an wanke mota aka ajiye. Fad ɗin ne yake share tsatsar, shi yasa take ɗaukewa. In ta wuce birki biyar ko shida bata daina ba sannan a duba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato: Yaya, satin da ya wuce na canza fad sabo fil amma ƙarar da nake ji yanzu tafi ta da, musamman in zan tsaya a danja a hankali. Wani abokina yace in ɗiga baƙin mai kaɗan a diski.

Ƙanena, wannan abokin naka ka gaya masa kar ya sake ba wani wannan shawarar. Birki da gogayya yake tsayar da mota, mai kuma aikinsa kashe gogayya, ƙarar zata mutu birkin ma ya mutu tare da ita, kuma fad in ya sha mai baya wankuwa sai dai a jefar.

Ita ƙarar sabon fad karkarwa ce, fad ɗin yana rawa da sauri sosai a jikin diski har ya zama sauti. Abubuwan da na fi gani suna kawo ta, na farko yaran gareji suna zubar da 'yan siraran faranti da suke manne a bayan tsohon fad da 'yan kilif ɗin da suke riƙe kunnuwansa, suna ganin tarkace ne, alhali sune suke shanye karkarwar. Ka koma ka tambaya ina suke. Na biyu an ɗora sabon fad akan diski mai zane ko wanda fuskarsa tayi santsi tana ƙyalli kamar madubi. Na uku kuma shi kansa fad ɗin, akwai masu arha da aka cika musu ƙarfe suka yi tauri, kwalinsu yafi su kyau, waɗannan kam za su yi ta kuka kuma su cinye maka diski. Sannan sabon fad yana so a zaunar dashi, ka samu hanya mai tsawo da babu mutane, ka kai kilomita 60 ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake, kamar sau takwas, sannan ka ɗan yi tafiya birkin ya huce. Sau da yawa daga nan ake rabuwa da ƙarar.

Tunda maganar ta kawo mu nan, ina kira ga iyayen gida a gareji, ku hana yara hura ƙurar birki da baki ko da injin iska, musamman in an buɗe durom na baya. Wasu lainin da fad masu arha har yanzu ana samun sinadarin asbestos a cikinsu, wanda ƙasashe da yawa suka haramta saboda yana lalata huhu, kuma cutarsa sai bayan shekaru masu yawa take fitowa. A jiƙa tsumma a goge.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Jos: Alhaji, Honda Accord ce EOD. Ina gangarowa Hawan Kibo da kaya a mota ƙafata akan birki tun daga sama, sai na fara jin wuu-wuu-wuu da wari kamar ana ƙona roba, birkin yayi laushi sai da nayi famfo ya kama. Allah ya kiyaye na sauka lafiya, amma tun ranar in na taka birki a guje sitiyari sai ya riƙa karkarwa.

Alhamdulillah da Allah ya tsare, Alhaji, domin wannan gangaren ya ci mutane da yawa kuma abin da ka kwatanta shine farkon abin da direbobi suke cewa birki ya tsinke. Duk gudun da birki ya rage zafi yake komawa, in ka ɗora ƙafa baka ɗaga ba diski baya samun sararin hucewa, fad ya fara ƙonewa, shine warin da kaji, zafin ya ratsa fistin ya isa ga mai. Man birki DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma man nan yana shan laima daga iska a hankali, in ya tsufa DOT 3 yana iya tafasa a 140 kacal, DOT 4 a 155. Da zarar ya tafasa tururi ya shiga bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi, sai ka taka ƙafa ta nutse babu komai. Shi yasa ake cewa a juye man birki a zuba sabo duk shekara biyu, abin da kusan babu mai yi a wajenmu, ciko kawai muke yi. Ka buɗe robar ka duba, in ya koma kalar shayi mai kauri a canza shi gaba ɗaya a cire iska, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin.

Karkarwar sitiyari kuma diskin gaba ne, zafin ya sa fuskarsa ta daina zama daidai, wani wuri ya fi wani tudu da abin da ido baya gani, duk zagaye ɗaya fad ya ci karo da wurin. In a kujera ko bayan mota aka fi jin girgizar toh na baya ne. A auna, in da kauri a aske, in babu a canza, fad ɗin ma da ya ƙone a canza shi. Wajen mayar da taya kar a bari mai faci ya ɗaure noti ɗaya tamau ya hau sifana da ƙafa sannan ya koma na kusa dashi, a riƙa tsallakewa ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan har su zauna daidai, ɗaurin da bai daidaita ba shima yana kawo wannan rawar.

Gaba in zaka gangara ka sauke giya tun daga sama, in otomatik ce ka mayar D3 ko 2, inji ya riƙe maka motar, birki kuma ka taka sosai ka saki, ka taka ka saki. Kar ka kuskura ka sa firi don tattalin mai. In kaji wari ka samu gefe ka tsaya ya huce da kansa, kar a watsa wa diski mai zafi ruwa.

Tambaya daga wata 'yar uwa a Maraɗi: Ina tafiya akuya ta tsallaka na danna birki da ƙarfi akan yashin da ya kwanta a kwalta, sai naji drrrr a ƙarƙashin ƙafata birkin yana ture ni, na tsorata na ɗaga ƙafa.

Hajiya, motarki lafiya lau, ABS ne yayi aikinsa. In taya zata ƙage ta fara jan ƙasa sai na'urar ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don ki iya juya sitiyari, shine drrr ɗin. Ɗaga ƙafar ne kuskure, gaba ki danne kawai kar ki yi famfo. Inda zan ce a duba shine in tana yin haka a busasshiyar kwalta kina tsayawa a hankali, nan sensa ce ta taya ta kwashi datti ko wayarta ta samu matsala. In fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ta tsaya a kunne birki yana nan amma babu wannan taimakon, a sa kwamfuta a gano tayar, kar a cire ƙwan fitilar. In jar fitilar birki ce ta kama alhali kin sauke hambirki, ki tsaya ki duba mai kafin ki ƙara tafiya.

Tambaya ta ƙarshe daga wani tsohon ma'aikaci a Kaduna: Ɗana, abu biyu ne. In na yi ribas na taka birki sai in ji ƙwas sau ɗaya, in na yi gaba na taka ma ƙwas. Sannan kwanan nan ina jin fuuu kamar iska tana fita a wajen ƙafata, birkin yayi tauri.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙwas ɗin nan in ƙarama ce, fad ne yake ɗan matsawa a mazauninsa duk sanda mota ta canza alƙibla, kilif ne ya saki ko babu shi. In kuma mai nauyi ce kuna jinta a ƙasan mota kamar an buga guduma, kuma tana yi in an faɗa rami, ba birkin bane, a duba bushin na ƙafar mota da boljoyin, sannan a tabbatar notikan da suke riƙe da kalifa a ɗaure suke, wannan kar a bari ya kwana.

Ita fuuu ɗin tafi damuna. Bayan masta, wato famfon da yake tura man birki zuwa tayoyi, akwai wani baƙin abu mai kama da tukunya a jikin bangon inji, shine busta, yana amfani da zuƙar iskar inji ya ƙara wa ƙafa ƙarfi, in robar cikinsa ta fashe ko tiyon da ya haɗa shi da inji ya tsage sai a ji hucin iska birki yayi tauri kamar an taka dutse, wani lokacin har inji ya riƙa rawa in an taka. Ku gwada a gida kafin ku fita, mota a kashe ku taka birki sau biyar har yayi tauri, ku bar ƙafar a kai ku tayar da inji. In busta lafiya yake za ku ji birkin ya ɗan sauka ƙasa da kansa. In bai motsa ba, Baba ku aika a kira bakaniken ya zo gida ya fara duba tiyon, kar ku shiga da ita cikin gari a haka.